Labarin Binciken Gida Da Karɓar Shaida

Jama'a 'yan makaranta, ga wata tambaya da ta daɗe tana wahal da masu shari'a. A ce an sace wa wani manomi buhun gyaɗa a ƙasar Ɗambatta. Ɗan sanda ya zargi maƙwabcinsa, ya faɗa masa gida ba takardar izini, ba ko sallama, ya leƙa rumbu, sai ga buhu. To, lalle ɓarawo ya yi laifi, amma shi ma mai binciken ya ƙetare doka, watau mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Shin alƙali zai karɓi buhun nan ya zama shaida, ko kuwa zai ce abin da aka samo ta hanyar ɓarna ba shi da wurin tsayawa a gabansa? Bari mu bi tarihin amsar daki-daki.

Kowa ya san karkarar da ke arewa da birnin Kano, wajen Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa da Ɗambatta, ya san gona tana bin gona, gida yana kallon gida. Amma duk da wannan cunkoso, kowane gida da alfarmarsa. Baƙo namiji iyakarsa zaure, abin da ke bayan danga kuwa na mai gida ne da iyalinsa. Wannan al'ada tana da tushe cikin Shari'a, gama Alƙur'ani ya hana shiga gidan wani ba da izini ba, ya kuma hana bin diddigin asirin mutane. Malamai sukan kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya haura katangar wani ya iske shi yana shan giya. Mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya saɓa, don ya yi leƙen asiri, bai shigo ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya karɓi maganar, ya ƙyale shi.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, dogarai ke kama masu laifi da sunan Sarki, a ƙauyuka kuwa dagatai da masu unguwa ke sa ido. Hujja a gaban alƙali ita ce shaidu adilai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwa. Bayan zuwan Turawa sai masu tsaron doka suka kasu biyu, ga 'yan dokan En'e, ga 'yan sandan Gwamnati. Alhaji Ado Bayero ma ya riƙe muƙamin Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya hau sarauta a 1963. Kotuna su ma iri biyu ne, na alƙalai da na Joji, su kuwa na Joji tafarkin Ingila suke bi.

Mene ne tafarkin Ingila a kan tambayarmu? Amsa ta fito ne daga wata shari'a ta ƙasar Kenya, lokacin dokar ta-ɓaci. An tsai da wani mutum wai shi Kuruma a wani shingen hanya, 'yan sanda biyu suka caje shi, suka ce sun sami harsashi biyu a jikinsa, hukuncin wannan kuwa a lokacin kisa ne. Ashe doka ta ce sai mai muƙamin mataimakin sufeto ko wanda ya fi shi ke da ikon yin wannan caje, su kuwa ba su kai ba. Ƙara ta tafi har Landan, gaban majalisar da ke jin ƙararrakin ƙasashen da Ingila ke mulka. A 1955 Lord Goddard ya bayyana hukuncinsu, cewa abin dubawa shi ne ko shaidar ta shafi maganar da ake shari'a a kanta. In ta shafa, sai a karɓa, ba ruwan kotu da yadda aka samo ta. Sai dai ya bar wa mai shari'a ikon ture shaidar da za ta zalunci wanda ake tuhuma.

A nan Arewa, cikin 1960 aka kafa sabuwar dokar laifuffuka, watau Final Kot, tare da dokar da ta tsara yadda za a bi shari'arsu. Sashe na 78 na dokar tsarin ya ce a yi binciken gida a gaban mutum biyu masu mutunci daga cikin maƙwabta, a kuma rubuta duk abin da aka ɗauka. Dokar ba ta manta da matan kulle ba, ta ce a sanar da su, a ba su damar kaucewa kafin a shiga.

To, in ɗan sanda bai bi wannan ba fa? A 1968 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta amsa, cikin shari'ar Musa Sadau. An binciki gida an sami takardun lasin mota waɗanda ba a cika ba, aka yi ƙorafi cewa binciken bai bi ƙa'ida ba. Kotu ta bi sawun shari'ar Kuruma, ta ce kuskuren mai bincike bai hana a karɓi takardun ba. Shekara arba'in da uku ana nan a kan wannan.

Mutanen Amurka wata hanya suka ɗauka. Tun 1914 a kotunan tarayyarsu, sa'an nan daga 1961 a na jihohi duka, abin da aka samo ta haramtaccen bincike ture shi ake yi, don ɗan sanda ya san in ya karya doka wahalarsa ta tashi a banza. Amma su ma sun sassauta. A jihar Karolina ta Arewa wani saje ya tsai da mota don fitilar birkinta guda ta mutu, alhali dokar jihar fitila ɗaya tak ta nema. Aka binciki motar aka sami hodar iblis. A 2014 Kotun Ƙolinsu, alƙalai takwas cikin tara, ta ce kuskuren fahimtar doka irin wanda mai hankali zai iya yi bai ɓata tsayarwar ba. Masu suka suka ce ina adalci, talaka ba a yi masa uzuri da jahilcin doka, amma a yi wa mai tsaronta?

Mu a nan, sabuwar Dokar Shaida ta 2011 ta ba alƙali ma'auni. Sashe na 14 ya ce shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba karɓaɓɓiya ce, sai fa in kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 15 ya jera abin da za a aza bisa ma'aunin: ƙarfin shaidar, da girman laifin da ake tuhuma, da girman ɓarnar mai bincike, da ko da gangan ya yi ko da ganganci. Ke nan kuskure da ganganci ba su zama ɗaya ba.

Kun ji inda tarihi ya kawo mu. Buhun gyaɗar nan na Ɗambatta, galibi kotu za ta karɓe shi, ko da yake yanzu sai ta auna tukuna. Saboda haka kada mai gida ya dogara ga cewa alƙali zai gyara masa abin da ya ɓaci a bakin zaure, rigakafi ya fi magani. Ku da Allah ya ba ku karatu, ku ne idon iyayenku. In masu bincike suka zo ƙauyenku, kada a yi gardama ko kokawa. A nemi ganin takardar izini cikin ladabi, ku karanta ta a fili, a kira mai unguwa da dattawa biyu su tsaya, a kau da mata, a rubuta duk abin da aka ɗauka. Wanda kuma a cikinku zai sa kakin ɗan sanda wata rana, ya koyi iyakar ikonsa kafin ya koyi ɗaure mutum, gama rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa mu gane, amin.