Kyamarar sikana: yadda ake ɗaukar hoton ƙarshe da yadda ake adana shi

Kyamarar sikana na'ura ce da gidajen tarihi da ma'adanar littattafai ke amfani da ita wajen ɗaukar hoton zane, taswira ko tsohon rubutun hannu. Ba ta ɗaukar hoto a ƙiftawar ido kamar wayar salula. Layi-layi take bi, daga wannan gefe zuwa wancan, har ta kammala.

Yadda take aiki

A bayan gilashinta akwai wata siririyar sanda mai jeri uku na idanun haske: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Ƙaramin inji ne ke tura sandar a hankali, ta yadda kowane ɗigo na hoton zai samu launukan uku cikakku. A kyamarar yau da kullum, kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, sauran biyun kuma na'urar ce ke ƙiyasta su. Shi ya sa launin tawada da zaren takarda suka fi fitowa daidai a hoton sikana. Idanun hasken, da ake kira CCD, Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro su a Amurka a 1969, abin da ya kai su ga samun kyautar Nobel a 2009. Kamfanoni irin su Better Light na Amurka da Phase One na Denmak sun yi suna wajen ƙera irin wannan kyamara.

Ɗaukar hoton ƙarshe

Ana fara yin hoton gwaji mai sauri. A kansa ne ake duba ko shafin ya shiga gaba ɗaya, a daidaita gilashi, a kuma auna launi da wani kati mai ruwan toka da ake ajiyewa kusa da takardar. Sai komai ya yi daidai sannan a ba da umarnin hoton ƙarshe, wanda kan ci mintoci.

A tsawon waɗannan mintoci, ba a son komai ya motsa. Iskar fanka da ta ɗaga gefen takarda, takun mutum, ko girgizar janareto, duk suna karkatar da layukan. Walƙiyar filasha ba ta da amfani a nan. Sai fitilar da haskenta ke tsaye, domin idan wuta tana rawa, hoton zai fito da zane-zanen duhu. Ƙura ma abokiyar gaba ce: ƙwaya ɗaya a kan sandar kan ja layi tun daga farkon hoton har ƙarshensa, abin lura ga masu aiki a lokacin hunturu.

Adanawa

Hoto mai ɗigo 6000 a faɗi da 8000 a tsawo yana cin mega 144, ko 288 idan an ɗauke shi da zurfin launi ninki biyu. Wannan hoton na asali a tsarin TIFF ake ajiye shi, ba a taɓa shi. JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanai don rage nauyi, saboda haka kwafin da za a tura ko a sa a intanet kaɗai ake mayarwa JPEG. Kowane hoto ana ba shi lambar littafi da ta shafi, tare da ranar ɗauka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam.

Dalilin wannan tsantseni a fili yake. A watan Janairun 2013, masu ɗauke da makamai sun ƙona rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni na riƙe da dubban rubuce-rubucen larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tattara su. Gara, ambaliya da gobara ba sa jiran kowa; idan takarda ta salwanta, hoton da aka ɗauka da kyau, aka kuma adana da kyau, shi ne zai rage wa masu karatu.