Takalma a Ƙofar Zaure, Lamba a Kwamfuta

Duk wanda ya bi titin Katsina daga Kano, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi, ba zai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ga gawo da ɗorawa da tsamiya a tsaitsaye cikin kunyoyi, gida yana hangen gida. Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da bincikensu kan wannan karkara mai cunkoso da ta kewaye birnin Kano, inda jakuna ke shiga da itace su fito da taki. An auna gonaki, an ƙirga mangalar taki da damin gero. Hankalin masu gonakin, da abin da ake yi idan ya gushe, bai sami irin wannan kulawa ba sai daga baya.

A irin wannan wuri ciwon hauka ba ya ɓuya. Idan saurayi ya fara surutai shi kaɗai, ko ya ajiye fartanya ana tsakiyar noma ya kama hanya, kafin la'asar maƙwabta sun ji. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, mai tafiyar da ba ya waiwaye kuwa a ce kurciya aka yi masa. Dattawan gida sai su fara da malam. Zai cika allo da rubutu, a wanke a ƙwarya, a ba shi ya sha, ragowar a shafa masa a ka. In abin bai lafa ba a nemi boka da hayaƙinsa, ko 'yan bori su yi girka. Wanda yake duka ko fashe-fashe kuma sai turu: gungumen itace mai rami, a zura ƙafa a datse, a ajiye shi a ɗakin da ke can ƙuryar gida. Dangi suna da dalilin rufa asiri, domin masu binciken aure hauka da farfaɗiya da kuturta suke fara tambaya.

Mai magani a zamanin da yana da ma'aunin shahararsa. Takalman da ke jibge a ƙofar zaurensa ne, da jakunan da aka ɗaure a gindin bishiya, daga baya kekuna. Yana kuma da rubutacciyar taska, wato kundi, tarin warƙoƙi cikin gafaka, kowane laƙani da sunan malamin da aka karɓo shi a hannunsa. Wannan ambaton tushe ne, kuma mai tsauri, don laƙanin da ba a san tushensa ba ba ya da daraja. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan magani da Larabci, yana jingina maganarsa ga hadisai da malaman da suka gabace shi.

Turawa da suka ci Kano a 1903 ba su zo da wani abin kirki ba ta wannan fuska. Gidajen ajiye mahaukata na farko a Kalaba da Yaba aka buɗe su, a Arewa kuwa wanda ya gagari danginsa gidan yarin En'e ake kai shi. Rahoton da likita Cunyngham Brown ya rubuta a 1938 ya nuna ɗauri ya fi magani yawa a wuraren. Sai a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti. Mutumin Dawakin Tofa da zai ji labarin da ya ce ai haka ake jinya tun kaka da kakanni.

Waɗanda suka fara rubuta abin da mutanen karkarar nan ke cewa ba likitoci ba ne. Joseph Greenberg, Ba'amurken da daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a 1946 da ya jero iskoki da irin ciwon da ake jingina wa kowanne. Sai Murray Last, mai littafin tarihin Daular Sakkwato, wanda daga 1969 ya tare a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi yana lura da ciwo da magani. A 1981 ya buga maƙala a mujallar Social Science and Medicine kan muhimmancin sanin rashin sani. Abin da ya gani shi ne mutane suna shan maganin asibiti, su sha rubutu, su karɓi sassaƙe, ba tare da sun damu da yadda kowanne ke aiki ba, kuma masu maganin su kansu kowa asirinsa a cikinsa. Wannan 'yar maƙala ta zaga duniya, ana koyar da ita a jami'o'in Ingila da Amurka, alhali abin da ke cikinta kowace tsohuwa a Tsanyawa ta san shi.

Da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin. A 2004 Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa magidanta da mata 250 a Karfi, ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Kura a kan hanyar Zariya. Karfi kudu take da birni, amma amsoshinta ba za su zama baƙo a Minjibir ko Dambatta ba. Alamun hauka da mutane suka fi ambata su ne ɓarna da yawan surutu da yawo. Abin mamakin yana wajen sanadi: kusan kashi 34 cikin 100 shaye-shaye suka ɗora wa laifi, waɗanda suka ce aljanu ko sihiri kuwa ba su wuce kashi 18 ba. Kashi 46 sun ce asibiti za su nufa. Kusan rabinsu kuma ba su ɓoye cewa suna gudun mai taɓin hankali ba.

An ambaci wannan maƙala sau ɗaruruwa a binciken wasu ƙasashe. A yau haka ake auna malamin jami'a. Eugene Garfield ne ya fara fitar da kundin ƙirga ambato a 1964, sai Jorge Hirsch ya zo da ma'auninsa a 2005: mai maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, lambarsa 10 ke nan. Google Scholar yana nuna lambar a gefen hoton mutum, kwamitin ƙarin girma yana dubawa, masu ba da kuɗin bincike su ma suna dubawa. Ba aibu ba ne, don aikin da wasu suka dogara da shi ya cancanci a yaba. Sai dai lambar tana ƙirga marubutan da suka karanta ne kawai, kuma akasari da Turanci. Takalman ƙofar zaure, duk da kurakuran masu zauren, na majinyata ne da danginsu.

Abin da mutanen Karfi suka faɗa kan shaye-shaye ya riga gwamnati da shekara 14. Sai a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna matasan Kano ɗaure da sarƙa, aka hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi ya ƙiyasta masu shaye-shaye a jihar Kano sun haura miliyan 1. A 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da tabon sarƙa a ƙafa, akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Asibitin masu taɓin hankali yana nan a Dawanau, kusa da babbar kasuwar hatsi, har sunan garin ya zama abin tsokana: wanda ya yi shirme a ce a kai shi Dawanau. Wannan tsokanar kaɗai tana sa uba ya tsaya da ɗansa a gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. Malaman Jami'ar Bayero da ke da maƙalun nan a hannu su mayar da su Hausa, su kai gidajen rediyo, su kai wa limaman Juma'a da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Bichi da Kunchi da Makoda, domin amsoshin da ke ciki da Hausa aka ba su.