Littattafan almara na yara da matasa: me lambar yabo ke nufi?

A adabin Ingilishi, lambobin yabo biyu ne suka fi daɗewa da daraja a fagen littattafan yara: lambar Newbery, wadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fara bayarwa a 1922, da lambar Carnegie ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1936. Ma'aikatan ɗakunan karatu ne alƙalan duka biyun, kuma yawan cinikin littafi ba ya cikin ma'auninsu. Jerin Harry Potter na J.K. Rowling, duk da kasuwar da ya yi, bai taɓa samun Carnegie ba.

Labaran almara, wato masu ƙunshe da sihiri, dabbobi masu magana da duniyoyin da babu su a zahiri, sun sha lashe waɗannan lambobi. C.S. Lewis ya sami Carnegie ta 1956 da The Last Battle, cikamakin littattafan Narnia bakwai. Richard Adams ya samu a 1972 da Watership Down, labarin wasu zomaye masu neman sabon mazauni. The Graveyard Book na Neil Gaiman, labarin marayan da fatalwoyi suka rena a maƙabarta, shi ne littafi na farko da ya haɗa lambobin biyu: Newbery a 2009, Carnegie a 2010.

Sai dai lambar yabo shaida ce kan gwanintar rubutu, ba ta nuna shekarun yaron da littafin ya dace da shi ko aƙidar da ke ciki. Northern Lights na Philip Pullman ya lashe Carnegie ta 1995, kuma a ƙuri'ar da aka kaɗa a 2007 masu karatu suka zaɓe shi gwarzon duk littattafan da suka ci lambar cikin shekara 70. Labari ne mai jan hankali ƙwarai, amma jerin nasa na sukar ikon coci, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Amurka. Narnia kuwa akasin haka ne, domin koyarwar Kiristanci ce aka saƙa cikin tatsuniya. Uba ko uwar da ke shirin saye za su so sanin wannan tun kafin su biya kuɗi.

Marubuta 'yan asalin Najeriya mazauna Amurka ma sun shigo fagen. Zahrah the Windseeker na Nnedi Okorafor ya lashe kyautar adabin Afirka ta Wole Soyinka a 2008, sannan Akata Warrior, ci gaban labarin Sunny, wata yarinya zabiya da ke koyon sihiri a kudu maso gabashin Najeriya, ya sami lambar Locus a 2018. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda ya fito a 2018 kuma ya ɗebo daga addinin gargajiya na Yarbawa, ya sami lambar Andre Norton. Akwai yaƙi da zubar da jini sosai a cikinsa, don haka ya fi dacewa da 'yan manyan ajujuwan sakandare.