Wasiƙar da Ba Ta da Mai Karɓa: Koyar da Insha'in Turanci a Ikara, Makarfi da Kudan

Shekarun baya, a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo da ke yankin Makarfi, na karɓi littattafan 'yan aji biyar domin in duba aikin da aka ba su. An ce kowa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Turanci yana neman kuɗin jarrabawa. Kafin in kai littafi na ashirin na riga na haddace wasiƙar. Jimlar buɗewa ɗaya ce, dalilin neman kuɗin ɗaya, har kuskuren da ke layi na huɗu ma ɗaya, domin daga allo aka kwafo shi. A cikinsu akwai yaron da na san maraya ne tun yana firamare. Shi ma ya tambayi lafiyar mahaifinsa, ya roƙe shi ya aiko da kuɗin kafin ƙarshen wata. Na daɗe riƙe da littafin nan ban sa masa jan biro ba.

Ra'ayin da nake son karewa ya taso ne daga wannan rana. Mun saba cewa yaranmu sun kasa insha'i saboda ba su da Turanci. Akwai gaskiya a ciki, amma ciwon ya fi nan zurfi. Yawancinsu sun kai aji biyar ba a taɓa sa su rubuta wani abu da yake ransu, zuwa ga wani mutum da zai karanta, da kowane harshe ba. Wanda bai taɓa tsara tunaninsa a takarda da Hausa ba, aka ce ya fara yin haka da harshen da yake ɗingishi a cikinsa, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Ba abin da ya rage masa sai hadda.

Mu dubi abin da jarrabawar take nema. A takardar Turanci ta WAEC ana so ɗalibi ya zaɓi tambaya ɗaya, wasiƙa ko labari ko muhawara ko jawabi, ya rubuta kalmomi kimanin 450. Makin wannan sashe 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na kiyaye ƙa'idojin rubutu, inda ake zaftare rabin maki a kan kowane kuskure. Maki 20 na farko, wato samun abin faɗa da jera shi daki-daki, ba mallakar Turanci ba ne. Gwaninta ce ta tunani, kuma ana iya koyonta da harshen gida.

Na ga haka da idona. Wata yarinya a ajin nan ta rubuta layi uku kacal a kan yadda ake yin mazarƙwaila, alhali sana'ar gidansu ce. Na ce, "'Yata, ajiye biro, ki gaya mini da Hausa." Ta ce, "To, Malam," ta gyara tsayuwa ta fara. Daga saran rake da ɗauko shi, zuwa tura shi cikin injin matsa, da tace ruwan, da zuba shi a babban kasko a kan wuta, da kwashe kumfa, da yadda ake gane ya yi kauri, da juyewa a ƙananan kwanoni ya daskare. Ba ta tsallake mataki ko ɗaya ba. Tana cewa "da farko", "bayan nan", "in ya fara kauri", "daga ƙarshe". Har ta kawo gargaɗi cewa wuta in ta yi yawa sai ya ƙone ya yi ɗaci. Wannan cikakken insha'in bayani ne, mai gabatarwa da gangar jiki da kammalawa. Makin tsari yana bakinta, ba a taɓa nuna mata hanyar da zai sauko takarda ba.

Masana sun daɗe da bayyana dalilin. A 1979 Jim Cummins, masanin koyar da harshe biyu a Kanada, ya kawo hujjar cewa ƙwarewar karatu da rubutu da yaro ya samu a harshensa na farko tana bin sa zuwa harshe na biyu, matuƙar yana samun isasshen darasi a na biyun. Kafin wannan ma, a gida Nijeriya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwaji a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka riƙe shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma yi fice a sauran darussa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen uwa a farkon firamare, a 2022 aka faɗaɗa shi zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci. Ina ganin an yi gaggawa a wannan hukunci. Amma ko a ƙarƙashinsa Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma a darasin Hausa ana koyar da insha'i da rubutun wasiƙa. Ke nan a makaranta ɗaya malamai biyu suna koyar da abu ɗaya, suna zama a ofishi ɗaya, ba sa haɗa kai. Da malamin Hausa zai sa a rubuta batun ranar Litinin, malamin Turanci ya ɗauke shi ranar Laraba, da yaron ya shigo darasi na biyun da abin faɗa a hannunsa.

Ƙasar Zazzau ba baƙuwar wasiƙa ba ce. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna da malamai da fatake suna aika takardu da Larabci da ajami, masu tsayayyen tsari: sunan Allah, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa, sannan "bayan haka" ta buɗe ƙofar magana. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu sun zama ɗaya daga cikin ginshiƙanta. Dattawan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 sukan ce abin da ya kai su shi ne mutum ya rubuta takardarsa da hannunsa, kada wani ya ji sirrinsa. Sun koyi rubutu da sauri domin suna da wanda za su rubuta wa. Yau saƙon murya na WhatsApp ya ɗauke wannan aiki, yaro yakan girma bai taɓa ganin an buɗe ambulan a gidansu ba. Buƙatar kuwa ba ta gushe ba, ta koma ofis ne: takardar neman aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, takardar neman gurbin karatu, koken ƙungiyar manoman rake ko tumatir a kan taki. Matasa masu shaidar sakandare suna zuwa shagon kwamfuta a sauya suna a wata tsohuwar takarda, su biya, su sa hannu a kan abin da ba su tsara ba.

Akwai wani wuri da nake ganin muna cutar da yara ba da niyya ba. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙatarsa kai tsaye. Sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya da damina, ya yi addu'a, sannan ya gangaro. Yaron Ikara da aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma zai buɗe da tambayar lafiyarsa da ta iyalinsa, domin haka aka tarbiyyantar da shi. Wasiƙar hukuma ta Turanci kuwa, bayan "Dear Sir" da kanun magana, jimlar farko ita ce buƙatar. Sai malam ya ja jan biro a kan sakin layin gaisuwa gaba ɗaya, bai ce komai ba. Abin da yaron ya fahimta shi ne ladabinsa kuskure ne. Tun 1966 Robert Kaplan ya jawo hankali cewa al'ummu sun sha bamban wajen jera magana a rubuce. An soki yadda ya yi wa al'adu kuɗin goro, kuma sukar tana da tushe, amma asalin lurar tana da amfani a ajinmu. Kamata ya yi a ajiye wasiƙu biyu a allo gefe da gefe, a ce wa yara: ga ladabin Hausa, ga ladabin ofis na Turanci, inda girmama mutum shi ne kada ka cinye masa lokaci. Yaron da ya san yadda ake shiga zauren dagaci da yadda ake shiga ɗakin kakarsa ba zai sha wuyar gane cewa kowace takarda da irin sallamarta ba.

Za a ce, kuma an sha ce mini, farawa da Hausa shi ke haifar da Turancin fassara. Lallai yaro yakan ɗauki "sha" ya kai ta ko'ina, ya sha magani ya sha rake da kalmar shan ruwa. Yakan "ji" wari da kalmar jin sauti. Yakan kira mota ko sunan gari da lamirin mace domin haka suke a Hausa, ya rikita "p" da "f", ya yar da "a" da "the". Amsata ita ce yaron yana wannan fassara a zuciyarsa ko an yarda ko ba a yarda ba, hana shi rubuta Hausar ɓoye ta kawai yake yi daga idon malami. In tana kan takarda, malam zai iya sa yatsa a kan jimlar ya ce nan ne harsunan biyu suka raba hanya. Kuma kurakuran nan sanannu ne, ba su da yawa, kusan iri ɗaya ne daga Kudan har Ikara. Abin da aka san zuwansa ana iya tarar sa tun daga nesa, a ware wa kowanne mako guda. Matakin Hausa kuma tsani ne na ɗan lokaci. A ƙaramar sakandare a rubuta cikakken daftari da Hausa, a aji huɗu a taƙaita shi zuwa jerin maki, a aji shida a bar shi.

Hujja mafi nauyi a kaina ita ce ta yawan aiki. A ce malami yana da aji huɗu, kowanne da yara tamanin. Littafi 320 ke nan. In ya ba kowanne minti biyar, ya haura awa 26 a kan aiki guda. Wannan lissafi, fiye da lalaci, shi ya haifi wasiƙar allo, domin abin da aka kwafa ba ya buƙatar gyara. Mafita ita ce a rage tsawon rubutu a ƙara yawansa. Jimla biyar kullum sun fi shafi biyu sau ɗaya a zango. Yara su yi musayar littafi su nemo kuskure iri ɗaya tak da aka sanar, malam ya duba kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako bi da bi. Takardar da aka cika da ja daga sama har ƙasa ba ta koya wa kowa komai, ninke ta ake yi a tura cikin jaka.

Sai batun malamin kansa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki. Abin da ya dame ni shi ne sababbin ma daga irin ajin da na bayyana suka fito, su ma da hadda suka ci insha'i. Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana Kaduna tun 1976, Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyin horar da malamai suna Zariya, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Ikara ko Makarfi ko Kudan. Ina ganin duk wani horon sanin makamar aiki da za a kira malaman Turanci, a fara da sa su rubuta wasiƙa ta gaske, a karanta a gyara tare, kafin a yi musu laccar dabarun koyarwa.

A zangon da ya biyo bayan littafin marayan nan, na roƙi wani abokin aiki da ke koyarwa a yankin Kudan mu haɗa azuzuwanmu. Kowane yaro aka ba shi sunan takwaransa a can. Suka tattauna da Hausa abin da za su faɗa, suka rubuta shi, muka juya shi zuwa Turanci, suka sake kwafewa da kyau domin ba wanda yake so baƙo ya ga ƙazantar rubutunsa. Abokin nawa yakan karɓi ƙunshin a leda in ya shigo kasuwar Makarfi a kan babur, ya kawo amsa mako biyu bayan nan. Turancin ya kasance cike da kurakurai, ba zan ɓoye ba. Amma ba wasiƙa biyu da suka yi kama. Yaron nan maraya ya rubuta shafi guda a kan kawunsa da ke riƙe da shi da gonar raken da suke nomawa tare, ya tambayi abokinsa ko gaskiya ne ana noman inabi a Kudan. Ranar da amsa ta zo, ya same ni a bakin ofis da takardar a hannu, ya ce, "Malam, akwai kalma biyu a nan da ban gane ba, kuma ina so in mayar masa kafin Laraba."