Daga Hayaƙin Murhu Zuwa Ƙurar Dalma: Tarihin Iskar Da Muke Shaƙa A Gusau Da Kewaye

Rubutun wannan mako zai waiwayi tarihin wani abu da kowannenmu ke amfani da shi dare da rana ba tare da ya biya ko sisi ba, wato iskar da muke shaƙa. Duk wanda ya taso daga Tsafe da almuru ya doshi Gusau a lokacin hunturu ya san yadda garin ke bayyana daga nesa, lulluɓe da wani hazo mai duhu. Wani ɓangare na hazon nan daga hamada yake zuwa, wani kuma mu muka haɗa shi da hannunmu. Yaushe muka fara?

A zamanin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, a farkon ƙarni na 19, abubuwa biyu ne ke dagula iska. Na farko ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi da iska ke kwasowa har ƙasar Hausa. Na biyu hayaƙin itace da kara, daga murhun girki, da maƙera, da wutar jin ɗumi a cikin ɗaki. Iyayenmu mata ne suka fi shan wannan hayaƙi, su da jariran da ke goye a bayansu. An saba da shi har ba a lissafa shi cikin cuta.

Sauyi na farko ya zo ne a kan dogo. A ƙarshen shekarun 1920 layin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Jiragen wancan lokaci kwal suke ci, wanda ake haƙowa a Inugu. Jirgi ya mayar da Gusau cibiyar sayen auduga da gyaɗa, baƙi suka cika Sabon Gari, aka kafa injin gurzar auduga da na matsar mai. A shekarun 1960 masaƙar Zamfara ta fara aiki, ta ɗauki ɗimbin ma'aikata. A lokacin, hayaƙin masana'anta alamar arziki ne, domin yana nufin albashi a ƙarshen wata. Sai dai likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙurar auduga na ƙuntata hanyoyin numfashin wanda ya shekara yana shaƙarta, ko a Gusau ne ko a Manchesta ta Ingila.

Sauyi na biyu mota ce ta kawo shi. Tun 1923 aka fara zuba sinadarin dalma a cikin fetur a Amurka don inji ya yi aiki sumul, kuma irin wannan fetur muka yi ta ƙonawa shekaru da dama. Kowace motar da ta bi hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, tana fesa dalmar nan a bakin titi, inda 'yan talla ke tsaye da farantansu. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka gama daina sayar da shi, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka taru, unguwanni suka faɗaɗa, 'yan kabu-kabu suka yawaita. Masaƙa ta durƙushe kamar takwarorinta na Kaduna da Kano, amma hayaƙi bai ragu ba, rarrabuwa ya yi. Maimakon bututu ɗaya mai tsawo a bayan gari, sai ga janareta a ƙofar kowane shago saboda rashin wutar lantarki, ga bola da ake cinna wa wuta da leda da roba a ciki, ga tsofaffin tayoyi da wasu ke babbaka da su.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 2010. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa wajen haƙo dutse. Suna kawo shi gida, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ba su san dutsen cike yake da dalma ba. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a kan abinci, a hannun yara masu rarrafe. Yara suka fara amai, da ciwon ciki, da jijjiga, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A watan Maris na shekarar ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya tabbatar gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bincika gida-gida, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Sunayen Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega suka zaga duniya.

Maganin ya ɗauki matakai biyu: a kankare saman ƙasar gidaje a zuba sabuwa, sannan a ba yara maganin da ke tsamo dalma daga jini. Ba a iya fara na biyu sai an gama na farko, in ba haka ba yaro zai koma cikin gubar da aka cire masa. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Waɗanda suka tsira da yawa sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Wani zai ce ai wannan labarin ƙauye ne, me ya haɗa shi da birni? Abin da ya haɗa su shi ne ƙura. Masana sun ce mafi haɗari su ne ƙwayoyin da suka fi silin gashi sirantaka kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, sukan wuce can cikin huhu, wasu har cikin jini. Daga nan ake samun asma, da ciwon huhu a yara, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki a manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, na kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara. Busasshiyar iska mai ƙura kuma kan raunata hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar sanƙarau shiga jiki, kuma ba mu manta da annobar 1996 da ta 2017 ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska marar wari da kan kashe iyali suna barci idan an kunna shi a cikin gida.

Yau wani babi muke ciki. Rashin tsaro ya koro dubban mutane daga ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da dama da suka koma girki da gas sun dawo gawayi da itace. Ana sare daji, ana ƙara hayaƙi.

Amma tarihi ya nuna ana iya gyarawa. A Disamba 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan na kwana biyar, mutum wajen 4,000 suka mutu a ƙidayar farko, a 1956 aka kafa dokar tsabtace iska. Mu ma an raba feturinmu da dalma, an kuma tsabtace Bagega. Kafin hukuma ta yi nata, akwai namu: a fitar da janareta waje nesa da taga, a daina ƙona leda da taya a cikin unguwa, a yi girki a sarari kuma a sauke goyo kafin a hura wuta, kada a shigo da dutsen ma'adinai ko tufafin aikinsa inda yara suke. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Dattawan zaure da suka ga zamanin jirgin kwal ko suka yi aiki a masaƙa, muna roƙon ku ba mu abin da kuka gani da idonku, domin ku ne ma'ajiyar wannan tarihi. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.