Damagaram da Ilimin Sama: Daga Lissafin Taurari Zuwa Dutsen Zinder

A shekarar 1999 aka tsinci wani ɗan dutse a kusa da birnin Zinder, nauyinsa giram 46, girmansa bai wuce na goro ba. An saye shi, an fita da shi, masana a Amurka suka yanka shi suka duba cikinsa. Abin da suka gani shi ne ƙarfe gauraye da nikel, an dasa masa ƙwayoyin dutse masu sheƙi. Irin wannan ba a ƙasarmu yake samuwa ba: ɓarɓashi ne na wata ƙaramar duniya da ta narke, ta daskare, ta farfashe tun farkon samuwar rana da duniyoyinta, wajen shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce. Ko a cikin danginsa ma na Zinder ya fita daban, domin yana ɗauke da wani ma'adini da ba a cika samu a cikinsu ba, kuma ire-irensa a duniya 'yan ƙalilan ne. Yau sunan Zinder yana cikin rajistar duwatsun sama ta duniya, ana rubuta bincike a kansa, amma a garin da ya ba shi suna da wuya a sami wanda ya ji labarinsa. Tarihin Damagaram da sararin sama ya daɗe yana tafiya a kan wannan hanya. Mutanenta sun iya kallon sama, sun iya lissafi da ita, amma awo ya kuɓuce musu, kuma wanda ya riƙe awo shi yake cin moriyar abin da aka auna. Saboda haka nake ganin karatun kimiyyar duniyoyi a matakin digiri na biyu da na uku ci gaban wani tsohon aiki ne da aka bari a tsakiya.

Manomin gero na ƙasar Damagaram ba zai iya shuka da watan Musulunci ba, domin shekarar Hijira tana gaza ta rana da kwana 11, azumin da ya zo da damina wata rana zai zo da ɗari. Ga shi damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, wanda ya yi kuskuren mako biyu ya yi asarar iri. Don haka malaman ƙasar Hausa da na Barno suka riƙe wani lissafi na biyu, na taurari 28, kowanne da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Idan Surayya da Dabaran suka wuce, aka shiga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, manomi ya san lokacin shuka da noman fari ya yi. Nasara da Ɗarfa da Jabha su ne tsakiyar ruwa. Shigar Sarfa kuma alamar kaka ce. Wanda bai yi karatu ba yana da nasa: ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Gamzaki da ke fitowa kafin asuba, ya san Zara. Wannan ilimi ne na gaske, ya ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru, bai kamata a raina shi ba. Sai dai yana da rauni guda. Jadawalin gadonsa aka yi daga Larabawa ta hanyar Magrib, tare da watannin ajami na tsohuwar kalandar Rumawa, kuma waccan kalanda tana zamewa da kwana ɗaya a duk shekara 128, taurari kuma suna gusawa daga mazauninsu na lokutan shekara da daraja ɗaya a duk shekara 72. Hadda tana tsare jadawali, amma ba ta gyara shi. Gyara sai an fita an auna, an rubuta, wani ya zo bayan shekara hamsin ya sake aunawa.

Fatauci ma da sama yake tafiya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya daɗe a kan gadon Damagaram har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera bindigogi, Zinder ta zama babban zango tsakanin Kano da Agadas da Gat da Tarabulus, unguwar Zango ma daga nan ta samo sunanta. Ayarin gishiri mai zuwa Fachi da Bilma yana ratsa Tenere kwana da kwanaki babu itace babu dutse, madugu kuwa da rana da taurari yake riƙe hanya. Ransa da na ayarinsa sun dogara ga sanin inda tauraron arewa yake.

A saman waɗannan akwai masu zurfafa karatu, kuma a nan ne za a amsa wa masu cewa ilimin taurari bokanci ne da Musulmi bai kamata ya kusanta ba. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine, ya bar gida ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Tafiyarsa ita ce karatun gaba da digiri na wancan zamani: ka ƙure malaman garinka, ka nemi na gaba da su. Gaskiya ne a littattafansa lissafi ya cuɗanya da ɗalasimai da duba, kamar yadda ya cuɗanya a Turai, inda Kepler, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, yake yi wa manya duba don ya sami abinci. Amma malaman Musulunci sun daɗe da raba biyun. Akwai sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da shigar damina, akwai kuma da'awar cewa taurari suna juya rabon mutum. Na biyun aka hana. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, Manzo ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi a kan masu duba da taurari, kuma shi ne a 1824 ya zauna da wani Bature matafiyi, Clapperton, a Sakkwato yana duba kayan awonsa, yana ambata masa buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Mutum ɗaya ya yi duka biyun, bai ga karo a tsakaninsu ba. Masanin kimiyyar duniyoyi na yau, mai auna sinadarin dutse da nisan Mushtari da Zuhal, yana gefen da aka halatta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna tsadar rashin awo. A ƙarshen 1854 wani saurayi Bajamushe, Eduard Vogel, ya taso daga Kukawa ya zo Zinder. Kafin tafiyarsa ma'aikaci ne a wani ɗakin kallon taurari a Landan, kuma aikinsa a tafiyar shi ne ya ɗaga na'urarsa ya auna tsayin tauraro, ya duba agogo, ya rubuta lambobin da ke nuna inda gari yake a doron ƙasa. Taurarin da madugu ke bi su ne Vogel ya auna, amma shi ya mai da su lamba a takarda, lambar kuma ta zama taswira a Turai. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar nan da layukan taswira, har da da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. A 1899 sojojin Faransa suka ci Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shiga Zinder. Daga 1906 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da takwarorinsa na Ingila suka bi ƙasa daga Kwara zuwa tafkin Chadi, suna kwana suna auna taurari suna kafa alamun iyaka. Iyakar da yau ta raba Magarya da Daura, ta raba wa da ƙane, da awon taurari aka tabbatar da ita a ƙasa, kuma babu masanin Damagaram ko ɗaya a cikin masu awon da zai ce an yi daidai ko an karkata.

Yanzu abin ya koma kan duwatsu. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi ya nutse a ƙasa. Daga baya aka gano daga duniyar Mars ya zo, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. A 1984 wani dutsen sama ya faɗo a Gujba, a 1991 wani mai kilo 110 ya faɗo a Tazerzait cikin jihar Tawa. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani a jihar Agadas, kilo 24 da ɗoriya, mafi girman dutsen Mars da aka taɓa samu a duniya. An yi nazarinsa a Italiya, aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 a kan dala miliyan 5.3, da lambar rajista NWA 16788. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Matakin ya dace, amma bai isa ba. Jami'in kwastan da ba a koya masa ba ba zai bambanta dutsen Mars da dutsen murhu ba, kuma ƙasar da ba ta da masanin da zai tantance dutse ya yi masa rajista, ko ta tsare shi sai ta kai shi waje a gaya mata abin da ta tsare. Hamada tana adana waɗannan duwatsu dubban shekaru saboda rashin ruwa, baƙinsu kuma yana fita fili a kan farin rairayi. Wannan arziki ne da ƙasashe kaɗan suke da shi.

Babbar hujjar masu suka ita ce ƙishirwa, kuma hujja ce mai nauyi. Duk wanda ya san Zinder ya san layin jarkoki da 'yan garuwa, ya san birnin yana zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa, sai an jawo shi daga nesa. Wane ne zai ce wa mai jiran ruwa a kashe kuɗi a kan Mars? Amsar tana cikin yadda fannin yake. Mai karatun kimiyyar duniyoyi masanin duwatsu ne da sinadarai da hoton tauraron ɗan'adam, domin duniyar da ba ka taka ba daga nesa kake karanta ta. Faruk al-Baz, Bamisire, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren saukar kumbunan Apollo a wata, ya koya wa 'yan sama jannati karatun duwatsu. Da wannan ƙwarewa ya koma kan hamada, ya yi amfani da hoton rada ya bi sawun tsofaffin koguna da rairayi ya binne a Masar da Sudan, ya nuna inda za a haƙa a sami ruwa. Ƙasar da ke da yuraniyom a Arlit, da man Agadem da matatar da aka buɗe kusa da Zinder a 2011, tana bukatar irin waɗannan idanu ko da ba ta damu da sama ba. Ba kuma ɗalibai dubu ake magana ba. Biyar ko shida a cikin shekara goma sun isa su kafa fanni.

Saura batun kayan aiki da tsoron cewa wanda aka tura waje ba zai dawo ba. Na'urorin auna sinadari masu tsada ba za a same su gobe ba, amma farkon aikin madubin ƙara girma ne da injin yanka dutse da ɗakin ajiya mai rajista, hotunan Mars da na wata kuma hukumar NASA tana sakin su kyauta a intanet. Maroko ta nuna hanya: Farfesa Hasna Chennaoui ta jami'ar Hasan na Biyu a Kasabalanka ta jagoranci binciken dutsen Tissint da ya faɗo a 2011, ta yaye ɗalibai a gida, yanzu ana jin muryar ƙasarta a fannin. Nijar ma tana da nata misalin. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya yi karatun kimiyyar lissafi da haske a Faransa, ya dawo ya jagoranci cibiyar binciken hasken rana a Yamai tun lokacin da mutane da yawa ba su ga amfaninta ba. Masani yana dawowa idan ya san akwai ɗaki da ɗalibai da albashi suna jiransa.

Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Ita ya kamata ta fara. Ta buɗe rajistar duwatsun sama, ta sanar a gidajen rediyo cewa makiyayi ko manomin da ya tsinci baƙin dutse mai nauyi ya kawo a duba, a biya shi hakkinsa. Ta zaɓi ɗalibai daga sashen ilimin ƙasa ta tura su digiri na biyu da na uku da yarjejeniyar dawowa. Fadar Sarkin Damagaram kuma ta taimaka a tattara jadawalan taurari da ke hannun malamai a zaurukan Birni da ƙauyuka, a kwafe su tun tsofaffin da suka iya lissafin suna raye.