Iyakar Kwangwalam a Gaban Alƙali

Tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta ƙulla yarjejeniya har suka tsaga ƙasar Daura, wani yanki ya faɗa Nijar, ba su shawarci kakanninmu ba. Kada mu ɗauka takardun nan sun mutu. Da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 Kotun Duniya ta kafa hujja a 2002, ta ba Kamaru Bakasi.

Tun 1960 gasar Jessup, wadda aka fara a Amurka, take horar da ɗaliban jami'a kan dokokin ƙasa da ƙasa ta hanyar shari'ar kwaikwayo, waɗansu su kare wannan ƙasa, waɗansu waccan. Mu marubuta, in muka rubuta tarihin iyakarmu, ɗalibanmu sun sami ƙarar gwaji ta gida.